Shin sauƙin farashi da cire takunkumi na rage satar manhaja da waƙoƙi?

Auwal

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka taɓo batun satar fasaha, magana biyu ake ji. Masu saye su ce tsada da takura ne suka jawo: a sauke farashi, a cire makullan da ake ɗaura wa kaya, kowa zai saya. Masu sayarwa kuma su ce wanda ya saba ɗauka a banza ko nawa ka rage masa ba zai biya ba, don haka gara a ƙara ƙarfin makulli. Kowane ɓangare yana magana kamar ya riga ya gwada.

Abin da nake so waɗanda suka san harkar su warware mini shi ne: an taɓa gwadawa da gaske, kuma me aka gani? Tsakanin farashi da takunkumi, wanne ya fi tasiri? Waƙa da manhaja hukuncinsu ɗaya ne? Idan na ce takunkumi ina nufin irin su ƙayyade yawan kwamfutocin da za a sa manhaja a kai, tilasta haɗa intanet kafin ta buɗe, da hana mutum kwafar waƙar da ya saya zuwa wata na'urar. Ba fatawar halas ko haram nake nema ba, wannan a fili yake. Lissafin kasuwar nake son ganewa.

Malam Habibu

Wa alaikumus salam, Malam Auwal. An gwada, kuma a harkar waƙa aka yi gwajin a bainar jama'a, mataki bayan mataki, shi ya sa ta fi sauƙin karantawa.

Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, ya fito a 1999, kotu ta durƙusar da shi a 2001. Manyan kamfanonin waƙa suka buɗe nasu shagunan na intanet guda biyu, Pressplay da MusicNet. Duba yadda aka tsara su. Waƙoƙin Universal da Sony suna ɗaya, na Warner da BMG da EMI suna ɗayan, ke nan ko ka biya ba za ka samu duk abin da kake so a wuri guda ba. An ƙayyade yawan abin da za ka saurara da wanda za ka sauke a wata. Ranar da ka daina biya, waƙoƙin da ka sauke su daina buɗewa. A gefe guda kuma ga Kazaa da LimeWire, manhajojin musayar waƙoƙi irin Napster, komai yana nan, a fayil ɗin MP3 da kowace na'ura ke karantawa. Mutane ba su ko waiwayi shagunan biyu ba.

Sai iTunes, shagon waƙa na kamfanin Apple, a watan Afrilun 2003: santi 99 kowace waƙa, duk manyan kamfanonin a wuri ɗaya, kuma ba dole ka sayi faifai gaba ɗaya saboda waƙa biyu ba. An sayar da waƙa miliyan ɗaya cikin makon farko. Amma da makulli, wanda ake kira FairPlay: kwamfuta uku da farko, daga baya biyar, kuma a cikin na'urorin aljihu iPod kaɗai ke karanta waƙar. Makullin nan bai taɓa hana ɓarawo komai ba. Wanda ya sayi waƙa yana iya ƙona ta a faifan CD, ya sake kwaso ta daga faifan, ta fito babu makulli. Uwa uba, mafi yawan waƙoƙin duniya a lokacin a faifan CD ake sayar da su, shi kuwa faifan a buɗe yake. Wannan ita ce hujjar da Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, ya kawo a buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ta Fabrairun 2007, inda ya nemi kamfanonin su yarda a daina kullewa. Mutum ɗaya ya kwaso waƙar daga faifai ya ɗora a intanet, shi ke nan, duk makullan da ke kan sauran kwafin sun zama kwalliya.

Wanda makullin ya ciza shi ne wanda ya biya. An bar jaki ana dukan taiki. A 2005 Sony BMG ya yi ƙoƙarin kulle faifan CD ɗin kansa da wata manhaja mai suna XCP, wadda ke shiga Windows a ɓoye da zarar an sa faifan, ta ɓoye duk fayil ɗin da sunansa ya fara da $sys$. Masanin kwamfuta Mark Russinovich ya bankaɗo ta a ƙarshen Oktoba, masu rubuta bairos suka fara sa wa kayansu wannan sunan domin su ma su ɓuya, kamfanin ya janye faifan daga kasuwa ya kuma sha ƙara a kotu. Wanda ya sauke waƙar ta sata ko ƙwarzane bai samu ba. A 2008 kuma shagunan MSN Music na Microsoft da Yahoo Music suka sanar za su kashe kwamfutocin da ke tantance lasisi. Ma'anarsa, idan ka sauya kwamfuta ko ka sake sa Windows, waƙoƙin da ka saya da kuɗinka ba za su ƙara buɗewa ba. Sai da aka yi ca sannan Microsoft ya ɗaga wa'adin, Yahoo ya biya diyya.

EMI ne ya fara cire makulli a 2007, Amazon ya buɗe shagon MP3 marar makulli a wannan shekarar, sannan Apple ya sanar da cirewa gaba ɗaya a Janairun 2009. Da yake kamfanonin ba lokaci ɗaya suka cire ba, an samu damar kwatantawa. Binciken Laurina Zhang ya nuna ciniki ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin ɗari bayan cirewar, kuma ƙarin ya fi yawa a faya-fayan da ba su yi suna ba. Manyan mawaƙa ba su ga wani canji ba. Dalilin yana da ma'ana: ƙaramin mawaƙi yana buƙatar a tura waƙarsa daga hannu zuwa hannu kafin a san shi, babba kuwa an riga an san shi.

To ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Abin da ya fi karya satar waƙa shi ne sauraro kai tsaye ta intanet, irin Spotify da ya fara a Suwidin a 2008. Shi kuwa Spotify a kulle yake ruf. Ba ka mallaki waƙa ko ɗaya ba, abin da ka sauke a cikin manhajar kaɗai yake buɗewa, kuma sai ka haɗa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30. Amma mai sauraro bai jin makullin a jikinsa, domin duk abin da yake son yi yana yiwuwa: ya nema, ya samu, ya saurara a waya da kwamfuta da mota. Saboda haka ba kasancewar takunkumi ne ke kora mutane ba. Takunkumin da ke tare maka hanya a lokacin da kake son amfani da abin da ka biya, shi ne mai korar.

Hajiya Rabi

Malam Habibu ya kawo tarihin daidai, amma ina tsoron Malam Auwal zai tashi da cewa sauƙi magani ne. Akwai gwaje-gwajen da aka kai farashi har ƙasa, kuma satar ba ta tsaya ba.

A Oktoban 2007 ƙungiyar Radiohead ta saki faifanta In Rainbows a shafinta, ta ce kowa ya biya abin da ya ga dama, har da sifili. Duk da haka mutane masu ɗimbin yawa ta BitTorrent, hanyar musayar fayiloli da ake yawan sata da ita, suka sauke shi. A Mayun 2010 aka yi Humble Indie Bundle na farko: tarin wasannin kwamfuta, babu makulli, santi ɗaya ma ya isa, kuma wani kaso na kuɗin na agaji ne. Masu shirin sun kiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saukewar ba a biya ko santin ba. Wasan World of Goo na 2008, mutum biyu suka yi shi, dala 20, babu makulli, su da kansu suka kiyasta kwafin sata ya haura kashi 80 cikin ɗari.

Me ya sa mutum zai saci abin santi ɗaya? Ba kuɗin ba ne. Wani ba shi da katin biya, ko katinsa ba ya aiki a shafin. Wani yaro ne, sai ya roƙi babba. Wani shafin da ya saba shiga ke nan, cike fom da adireshin imel ya fi masa wahala a kan danna abu ɗaya. Wasu kuma tara kaya kawai suke yi, ba za su taɓa buɗe rabin abin da suka sauke ba. Waɗannan duka ragin farashi bai shafe su ba.

Amma a lura, Humble ɗin nan ya tara sama da dala miliyan ɗaya. Ke nan tambayar "sata ta ragu?" da tambayar "mai kaya ya samu kuɗi?" tambayoyi biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su. Sata na iya raguwa, kuɗin shiga ma ya ragu. Kuɗin da masana'antar waƙa ta Amurka ke samu ya kai kusan dala biliyan 14.6 a 1999, ya sauko wajen biliyan 7 a 2014, alhali a tsakanin nan ne aka yi santi 99 aka kuma cire makulli. Wani ɓangare na faɗuwar ba sata ba ce, warware faifai ne: wanda da can zai sayi faifan dala 15 yanzu waƙa biyu yake ɗauka. Luis Aguiar da Joel Waldfogel sun auna Spotify suka ga yana cin ɓangarori biyu: kusan kowane sauraro 47 yana rage saukewar sata ɗaya, kusan kowane sauraro 137 kuma yana rage sayen waƙa ɗaya. Wato shagon mai araha ba ɓarayi kaɗai yake jawowa ba, har da waɗanda da suna biyan cikakken farashi.

A ɗauki misali na lissafi kawai. Manhaja dala 100, masu saye 1,000, an samu dala 100,000. Aka mayar da ita dala 30. Kafin a dawo inda ake, sai an samu masu saye 3,334. Mutum dubun farko da ma za su biya ɗari, yanzu an yafe wa kowannensu saba'in. Sabbin 2,334 kuma kowannensu yana iya aiko da saƙon neman taimako, kuma amsa saƙo lokaci ne. Idan ta Steam, shagon wasanni da manhajoji na intanet, ake sayarwa, kashi 30 nasu ne. Idan ta kati kai tsaye, kuɗin da masu sarrafa biya irin Stripe ke cira a Amurka kashi 2.9 ne da ƙarin santi 30 a kowane ciniki, ke nan a kayan dala ɗaya kusan santi 33 sun tafi. Shi ya sa rage farashi ga kowa da kowa a lokaci guda shi ne mafi munin hanyar yin ragi. Ana rage wa wanda ba zai iya biya ba ne, a bar wanda zai iya a inda yake.

Auwal

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To in haka ne, a ɓangaren manhaja fa? Waƙa ko an kulle ta ana iya naɗarta daga lasifika, amma manhaja sai an fasa ta tukuna. Wannan bai nuna makulli ya fi amfani a nan ba?

Injiniya Nura

Ya nuna, Malam Auwal, amma na ɗan lokaci ne, kuma da sharaɗi.

Fara da yadda fasawar take. Kowace manhaja mai lasisi tana da wani wuri a cikinta inda take tambaya: lambar nan daidai ce ko ba daidai ba? Mai fasawa yana nemo wurin ya sauya umarnin ta yadda amsar kullum "daidai" ce. Ko ya gano lissafin da ake ƙirƙirar lambobin da shi ya rubuta ƴar manhajar da ke zubo su. Idan manhajar kwamfutar kamfani take tuntuɓa ta intanet, sai ya ƙirƙiri ta bogi a cikin kwamfutar mai amfani, ko ya toshe adireshin. Duk makulli mai ƙarfi abin da yake yi shi ne yawaita wuraren tambayar da rikita su domin aikin ya ɗauki makonni maimakon awanni. Lokaci yake saya, ba ya hana fasawar.

A wasanni, lokacin nan kuɗi ne, domin mafi yawan ciniki a makonnin farko ake yin sa. William Volckmann ya yi nazarin wasannin da ke ɗauke da makullin Denuvo, ya ga wanda aka fasa tun farkon fitowarsa yana asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin shigarsa, wanda kuwa ya kai mako 12 ba a fasa ba, fasawar bayan nan kusan ba ta rage komai. Wannan ya yi daidai da abin da kamfanoni da yawa ke yi: su sa makullin ranar fita, su cire shi bayan wasu watanni. Duk wanda ya ce makulli bai da amfani sam bai kalli wannan ba.

Sharaɗin shi ne kada makullin ya taɓa wanda ya saya. Ga inda aka yi ta faɗawa rami. Wasan Spore na 2008 ya zo da makullin SecuROM mai ba da izinin sakawa sau uku kawai. Sauya babban allon kwamfuta ko sake sa Windows yana iya cinye ɗaya. An fasa shi tun kafin ranar fitarsa, masu saye suka fusata, aka ƙara zuwa biyar, kuma shi ne ya zo na farko a jerin wasannin da aka fi sata a shekarar a ƙididdigar shafin TorrentFreak mai bibiyar satar fasaha. A 2010 Ubisoft ya fito da tsarin da sai intanet na haɗe a kowane lokaci, ko da kai kaɗai kake wasa. Layi ya yanke, wasa ya tsaya. Kwanaki kaɗan bayan fitowar Assassin's Creed II aka kai wa kwamfutocin kamfanin hari, waɗanda suka biya suka zauna suna kallon allo. Cikin makonni aka fasa, kuma fasasshen kwafin ya fi na halas aiki, tunda shi bai damu da layi ba. A 2012 kamfanin ya sanar ya bar tsarin. Mafi ban dariya shi ne The Witcher 2 a 2011: an sayar da shi babu makulli a shagon intanet na GOG, an kuma sayar da na faifai mai SecuROM, amma mai makullin ne masu fasawa suka fasa suka baza, domin a wurinsu burgewar a fasawar take.

Gabe Newell na Valve, kamfanin da ke da Steam, ya faɗa a 2011 cewa satar fasaha kusan kullum matsalar hidima ce ba ta farashi ba, ya ba da misali da Rasha, wadda aka ce masa kada ya ɓata lokaci a kanta amma ta zama kasuwarsu mafi girma a nahiyar Turai bayan Jamus. Abin da ya yi aiki a can shi ne fitar da wasa rana ɗaya da sauran duniya, da fassara mai kyau. Sai dai ni ban yarda da rabin maganarsa na biyu gaba ɗaya ba, domin Steam ɗin ma a Rasha da rahusa yake sayarwa, kuma ragin da yake yi lokaci-lokaci na kashi 50 ko 75 yana cikin abin da ya jawo mutane. Shi kansa Steam makulli ne, irin wanda Malam Habibu ya bayyana: yana sabunta maka wasa, yana ajiye maka inda ka tsaya, yana barin ka saka a duk kwamfutar da ka shiga da asusunka. Kwafin sata bai da ko ɗaya daga ciki.

Manhajar sana'a kuma lissafinta daban ne. Photoshop CS6 dala 699 ne, cikakken kunshin Adobe na lokacin kusan dala 2,600. Ɗalibi ba zai biya wannan ba ko da an ɗaure shi. A 2013 Adobe ya koma biyan wata-wata, kuma an fasa sabon tsarin cikin kamar kwana ɗaya. Amma da aka fito da shirin masu ɗaukar hoto na dala 9.99 a wata, ƙofar shiga ta sauko daga ɗari bakwai zuwa goma, kuma mutane da yawa suka shigo. A tsawon shekaru kuɗin ya zarce na da, kuma ranar da ka daina biya ka rasa damar gyara aikinka, wanda shi ma takunkumi ne sabo. Kamfanin manhaja na JetBrains ya gamu da wannan ƙorafin a 2015, ya warware shi da cewa wanda ya biya wata 12 a jere ya mallaki sigar da ya fara da ita har abada.

Akwai kuma arahar da ba ta aiki: ragi tare da nakasa kayan. Windows XP Starter na 2004 an yi shi ne domin ƙasashe irin Tailan da Malesiya da Indonesiya, amma manhaja uku kaɗai yake bari a buɗe a lokaci guda. Ana gasa da cikakken Windows na sata, sai aka kawo gurgu. Kwatanta da Reaper, manhajar haɗa sauti: kwana 60 na gwaji ba a rage komai ba, dala 60 ga mai amfanin kansa ko ƙaramar sana'ar da ba ta samun sama da dala 20,000 a shekara, dala 225 ga manya, kuma babu makullin da ke hana ta buɗewa. A wannan fannin ne wasu suka daɗe suna tilasta ɗan makullin USB, wanda in ya ɓata ko ya karye ana tsakar aiki, aiki ya tsaya. Kamfanin Steinberg ya bar nasa a manhajarsa Cubase 12 a 2022.

Malam Habibu

Ƙari kaɗan a kan maganar Injiniya game da samuwa. A Disambar 2007 tashar talabijin ta NBC ta janye shirye-shiryenta daga iTunes saboda saɓani da Apple. Brett Danaher da abokan aikinsa sun auna suka ga satar waɗannan shirye-shiryen ta ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari. Farashi bai motsa ba, makulli bai motsa ba, kayan ne kawai babu a shago. Haka aka gani a 2016 lokacin da manyan mawaƙa suka riƙa keɓe sabon faifai ga dandali ɗaya: wanda yake biyan wani dandalin ba zai buɗe na biyu saboda faifai guda ba. Kuma satar waƙa ba ta mutu ba, kama ta sauya. Yanzu mafi yawa daga YouTube ake tsamo sautin ta shafukan da ke mayar da bidiyo MP3. An rufe babbansu, YouTube-mp3, a 2017, wasu suka maye gurbinsa.

Hajiya Rabi

Tunda an zo kan aiki, ga yadda mai ƙaramar manhaja zai tsara abinsa.

Makulli mai sauƙi ya wadatar: fayil ɗin lasisi mai ɗauke da sunan mai saye, wanda aka sa wa hannu da maɓallin sirri (lambar da mai manhajar kaɗai ke riƙe da ita), manhajar kuma ta tantance shi da maɓallin fili (abokiyar lambar da ke cikin manhajar) ba tare da intanet ba. Wannan yana kashe masu ƙirƙirar lambobin bogi, domin ba su da maɓallin sirrin. Sai dai su sauya manhajar kanta, kuma duk sabuwar siga sai sun sake aikin. Sunan mai saye da ke fitowa a allo yana sa mutum ya yi tunani kafin ya raba. Idan dole a ƙayyade na'urori, a ba da uku zuwa biyar, kuma mai saye ya iya cire tsohuwar kwamfuta da kansa daga shafin asusunsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure lasisi da kowane ɓangaren kwamfuta, ta yadda ƙara ma'adana kaɗai zai sa ta zama baƙuwa. Idan tantancewa ta intanet ta gaza, manhajar ta ci gaba da aiki na wasu makonni, kada ta rufe nan take. Kuma ko lasisi ya ƙare, mutum ya iya buɗe fayilolinsa ya fitar da su.

A tanadi mafita tun ranar farko domin ranar da za a kashe kwamfutar tantancewa. Adobe da ya kashe ta tsohon kunshinsa CS2, sai da ya fitar da siga marar tantancewa tare da lambobinta domin tsofaffin masu saye.

A farashi, a raba mataki: ɗalibi, mai amfanin kansa, kamfani. Kamfanoni su ne masu biya da gaske, domin suna tsoron binciken lasisi da shari'a, kuma suna buƙatar rasit da wanda za su kira idan abu ya lalace. A yi farashin yanki ga ƙasashen da kuɗin shigar jama'a ya yi ƙasa. Rahoton da Joe Karaganis ya jagoranta a 2011 kan ƙasashe masu tasowa ya nuna tsadar kaya idan aka gwada da abin da mutane ke samu ita ce babban tushen satar a can. Amma farashin yanki yana yoyo: mutanen ƙasashe masu arziki suna sauya adireshinsu da VPN, manhajar da ke nuna kamar suna wata ƙasa, su sayi mai arahar. Steam ya sha fama da wannan a Ajantina da Turkiyya, ga kuma faɗuwar kuɗin ƙasashen, har ya mayar da su farashin dala a Nuwamban 2023. Maganin yoyon shi ne a duba ƙasar katin da aka biya da shi, ba adireshin intanet kaɗai ba.

Wajen aunawa, kada a ƙirga kwafin sata a ce asara ce. Kamfanin wasanni na Reflexive ya taɓa lissafa cewa kusan kowane kwafin sata 1,000 da ya toshe ciniki ɗaya ya ƙara masa. Abin aunawa shi ne kuɗin shiga daga kowace ƙasa kafin canji da bayansa, a sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, a bar wata ƙasa mai kama da ita ba a taɓa ba domin kwatanci, a kuma jira aƙalla wata uku, tunda makon farko na kowane ragi yana kumbura adadi da mutanen da da ma za su saya a wata mai zuwa.

Injiniya Nura

Hajiya ta gama magana, sai abu ɗaya game da fayil ɗin lasisin. A sa ranar ƙarewar sabuntawa a cikinsa, ba ranar ƙarewar aiki ba. Manhajar ta kwatanta wannan ranar da ranar da aka gina sigar, ba da agogon kwamfuta ba. In aka dogara da agogo, mai wayo zai mayar da shi baya, wanda batirin allon kwamfutarsa ya mutu kuma zai wayi gari an kulle shi alhali ya biya.